Ruwan da ke shigo mana ta gabas: yadda wata unguwa a Jos ta zaɓi wurin datse rafinta

Unguwar da rafinta

Unguwar tana arewa maso gabashin Jos, a gindin gangaren da ke saukowa daga wajen duwatsun Shere. Ba zan kama sunanta ba, domin maganar fili ta shiga cikin lamarin, kuma wanda ya san Jos ya san ba a ɗaga murya a kan fili. Ni na riƙe littafin kwamitin unguwa tun zaman farko, don haka abin da ke nan daga littafin ya fito, da abin da idona ya gani.

Wani ɗan rafi ne ya ratsa mu, ya gangara ya faɗa Dilimi. Da rani yaro ma tsallake shi yake yi. Baƙo yakan yi mamaki a ce ruwa ya ci gari irin Jos, wanda ke zaune kan tudu sama da mita 1,200 daga teku. Ai dutsen ne dalili. Ruwan shekara a nan yakan kai wajen milimita 1,400, mafi yawansa a Yuli da Agusta, kuma in ya sauka kan fa ba ya samun inda zai nutse, sai ya taru ya zubo gaba ɗaya. Mutanen Jos ba su manta da watan Yulin 2012 ba, a farkon azumi, daren da madatsar Lamingo ta tumbatsa, ruwa ya bi ta Rikkos da Gangare, ya ci rayuka sama da 30 da gidaje wajen 200. A wannan daren mu tsakar gidajenmu kawai ya leƙa. Namu ya zo ne bayan wasu shekaru.

Damina ta farko

Cikin Agusta, bayan isha'i, aka yi ruwa na kusan awa 2. Kafin mutane su farga rafin ya haura baki ya shiga layin ƙasa, gidaje 20 da 'yan kai. A gidan da na fara shiga, ruwan ya kai mini gwiwa, tukwane na yawo a tsakar gida, wata tsohuwa na zaune kan gado ta rungume rediyo da ƙullin takardun gida. Ba a rasa rai ba. An rasa buhunan masara, katifu, da katangu 3 na ƙasa.

Kafin asuba ruwan ya janye, ya bar laka da zane a jikin bango. Wani tela da shagonsa ke bakin rafi ya ɗauki ƙusa ya karce inda ruwan ya tsaya, ya rubuta kwanan wata a gefe. A lokacin dariya aka yi masa.

Rani na farko: yasa da katanga

Abin da kowa zai fara tunani shi muka yi. Aka kira gayya ranar Asabar 3 a jere, aka yashe rafin, aka kwashe leda da robobi da tsummoki daga bakin kwalbatin babban layi. Sai aka yi karo-karo aka gina katangar dutse da siminti, tsawon mita 80, a gefen da ruwa ya fi ɓarna.

Damina ta biyu ta nuna mana iyakar dabararmu. Yasar ta yi amfani a ruwa 2 ko 3 na farko, daga nan yashi ya dawo kamar ba a taɓa shi ba. Katangar kuwa ta tsare waɗanda ke bayanta, ta tura ruwan tsallake, ya ci gindin gidaje 3 da a da bai taɓa kaiwa gare su ba. Maƙwabtan da suka shekara 30 suna cin tuwo tare sai da suka kai ƙara gaban mai unguwa.

Rani na biyu: wurin da ido ya zaɓa

Wani shirin gwamnati na yaƙi da zaizayar ƙasa ya ce zai gina mana ƙaramar madatsa in mun samar da fili. Wuri kuma tuni kowa ya san shi: wani matsatsi tsakanin duwatsu biyu, kamar kilomita 1 sama da unguwa, a kan reshen rafin da ke zuwa daga yamma. Duk wanda ya tsaya a wurin zai ce Allah ya yi shi ne don a datse ruwa. Ɗan kwangila ya gani ya yaba, ga shi kusa da hanyar mota.

A zaman da za a sa hannu, wata 'yar unguwa ta nemi izinin magana. Ta karanta ilimin taswira a jami'a, ta kuma yi aikin sanin makama a cibiyar nazarin hotunan tauraron ɗan adam ta ƙasa da ke nan Jos. Ta durƙusa ta gaida manya, sannan ta ce da mai unguwa: "Baba, ruwan da ke shigo mana gida, kashi nawa ne yake bi ta matsatsin nan?"

Aka yi shiru. Wani ya ce ai duka. Wani ya ce rafi ɗaya ne, ina kuma zai bi? Mai unguwa ya ce: "'Yata, ke kin sani?" Ta ce ba ta sani ba, amma in an ba ta mako 2 za ta sani. Ya ba ta, duk da gunagunin masu cewa kuɗin gwamnati ba ya jiran kowa.

Abin da taswira ta nuna

Kayan aikinta kwamfuta ce ƙarama da manhajar QGIS, wadda kyauta ake sauke ta. Tushen aikin kuma taswirar tudu da kwari ce da kumbon Endeavour na Amurka ya auna da rada a Fabrairun 2000, cikin kwana 11. Tun 2014 aka saki ta Afirka ga kowa. An yanka doron ƙasa gida-gida, kowane gida mita 30 a kan 30, wato kamar fuloti 2 na ƙafa 50 a kan 100, kuma kowane gida an rubuta masa tsayinsa. Kwamfuta sai ta bi gida-gida tana tambaya: in ɗigon ruwa ya sauka nan, wane maƙwabci ne ya fi ƙasa? Ta haka take zana hanyar kowane ɗigo, ta ƙirga gidaje nawa ne ke zuba ruwansu ta kowane wuri.

Da za ta yi wa dattawa bayani ba ta ambaci ko ɗaya cikin wannan ba. Ta ce musu duk ƙasar da ke bayanmu rufin ɗaki ce, rafin kuma indararo, tambayar kawai ita ce girman rufin da ke kan kowane indararo.

Rufin namu ya fito kusan murabba'in kilomita 6. Reshen yamma, mai matsatsin, 2 kawai yake ɗauke da shi. Sauran 4 na wani reshe ne daga gabas, wanda ke ɓoye cikin kwazazzabo da itatuwan turare, yake haɗuwa da rafin a bayan makarantar firamare, ƙasa da matsatsin. Mun san da shi, ba mu dai ɗauke shi bakin komai ba, don da rani ko ɗigo babu a cikinsa. Ta jera mana hotunan tauraron ɗan adam na tsofaffin shekaru da na yanzu: gangaren gabas da a da gonakin acca ne da ciyawa ya zama rufin kwano da daɓen siminti. Nan muka gane abin da ya sa a 2012 ruwa ya tsaya mana a tsakar gida, yanzu kuma yake hawa gado.

Lissafin da ta yi a allon makarantar dare har yau yana cikin littafina. Milimita 1 na ruwa a kan murabba'in kilomita 1 lita miliyan 1 ne. To in an yi ruwan milimita 60 a dare ɗaya a kan rufinmu, lita miliyan 360 ke nan. A ce rabi ya nutse, rabi ya gangaro: lita miliyan 180, wato tankar ruwa mai lita 10,000 har 18,000, duk za su bi ta kwalbati ɗaya cikin awa 2 ko 3. Wani direban tanka da ke zaune a baya ya ce: "La'ilaha illallahu."

Daga nan ta shiga neman wuri. Ta ɗora taswira kan taswira: ta gangare, ta irin dutse da ƙasa, ta abin da ake yi da fili, ta nisa daga gidaje, da ta yawan ruwan da ke bi ta kowane wuri. Kowane gida na taswirar ya samu maki, aka tara. Abin da na fi yaba mata shi ne ta faɗa mana ƙarara cewa nauyin da aka ba kowace taswira mutum ne ya ba shi, ba kwamfuta ba. In ka ce gangare ya fi muhimmanci, wani wuri zai zo na ɗaya, in ka ce nisa daga gidaje ne, wani daban. Sai ta sauya nauyin sau 4 a gabanmu, muka ga wuraren da ba sa faɗuwa ko yaya aka juya. Guda 7 suka tsaya.

Matsatsinmu ya zo na 6. Bakinsa ya dace, amma bayansa gangare ne a tsaye. Ko an gina bango mita 5, ruwan da zai kwanta a baya ba zai kai tsawon filin ƙwallo ba, cikin mintuna kaɗan zai cika ya haura.

Abin da ƙafa ta nuna

Mu 6 muka fita duba wuraren, har da injiniyan shirin da wani tsoho da ya yi ƙuruciyarsa a haƙar kuza.

Wurin da ya zo na ɗaya a kwamfuta kwari ne mai faɗi da baki matsattse, abin sha'awa. Tsohon ya tsaya ya dube shi, bai ce komai ba, ya karɓi rodin da wani yaro ke riƙe da shi ya dafa a ƙasa. Rodin ya shige har kusan hannunsa, kamar a tuwo. Ya ce: "Injiniya, wannan ba ƙasar Allah ba ce, ƙasar kamfani ce." Tudun da ke gefe biyu tulin yashin da aka wanke kuza ne tun zamanin Turawa, ciyawa ta rufe shi. Ya kuma nuna mana bakin ramukan loto guda 3 cikin ciyawar, irin waɗanda ake haƙawa a tsaye kamar rijiya sannan a bi ta ƙarƙashi. Madatsa a kan wannan, ruwa ta ƙasa zai sulale, wata rana ya tafi da ita. Daga sama kuwa tudu tudu ne, rada ba ta san wanda aka tara da shebur ba.

Na biyu, a taswira daji ne. Da muka isa, kushewa ce ta mutanen ƙauyen da ke sama. Ko tsayawa ba mu yi ba.

Na uku ya ba yarinyar kunya, ta kuma yi dariyar kanta. Kwarin da kwamfuta ta gani ba kwari ba ne, cikon hanyar mota ne ya tare rafin a taswira, don gidan mita 30 ba ya ganin kwalbatin da ke ƙarƙashi.

Na huɗu da na biyar duk suna kan reshen gabas, ɗaya sama da ɗaya, tazarar kamar mita 700. Babu wanda ya isa shi kaɗai. Nan injiniyan ya kawo safiyo da na'urarsa, aka tashi ƙaramin jirgi marar matuƙi ya ɗauki hoton wuraren, aka sake zana su da awon da ya fi na kumbo kyau nesa ba kusa ba. Aka haƙa ramukan gwaji, zurfin mita 2, aka tarar da laka mai danƙo a kan dutse. Shi ake nema.

Zanen tela kuma ya yi rana. Da aka gwada lissafin ambaliya a kwamfuta, ruwan bai kai inda ƙusarsa ta karce ba, ya gaza da kusan taƙi 2. Sai da aka sa wa lissafin cewa rabin kwalbatin a toshe yake, sannan suka dace. Wato kwalbatin ma yana cikin masu laifi, aka sa faɗaɗa shi cikin aikin.

Damina ta uku: fili

Wuraren biyu gonakin mutanen ƙauyen sama ne, ba 'yan unguwarmu ba, ba kuma addini ɗaya ba. Mai unguwa ya ɗauki goro da dattawa 4 suka je wurin dagacinsu. Da Hausa aka yi maganar, kamar yadda aka saba a Jos. An yi zama 5.

Tambayarsu ta farko: in an datse, ruwan zai kwana har rani? Mutane ne masu lambu, karas da kabeji da latas, ruwan rani a wurinsu kuɗi ne. Injiniyan ya ce a'a. Madatsar hana ambaliya dole ta zauna fanko, da bututu a gindinta kullum a buɗe, ta karɓi ruwa da dare ta sake shi a hankali zuwa washegari. In ta cika ta zauna, ruwa na gaba ba shi da masauki. Dagacin ya ce: "To ranka ya daɗe, ku ku tsira, mu mu ba da gona?"

Namu ma ba duka suka yarda ba. Wani dattijo da ya yi zaman Kano ya tuna mana fashewar madatsar Bagauda a 1988, ya ce shi bai ga hikimar mutum ya tara ruwa a saman kansa ya kwanta ba.

Ana cikin wannan ja-in-ja damina ta wuce ba a aza ko dutse ɗaya ba, ruwa ya sake shiga layin ƙasa sau 2. Na ji da kunnena ana cewa da an bi matsatsi da yanzu an gama, taswira za mu ci? Yarinyar ta daina bi ta layin ƙasa na wani lokaci.

A Oktoba aka daidaita: za a biya diyyar wurin da bango zai zauna, masu gona za su ci gaba da nomansu a cikin kwarin da rani, kuma samarinsu ne za a fara ɗauka aikin.

Rani na uku: gini

Daga Disamba zuwa Afrilu aka gina madatsu 2 na ƙasa, ta sama mita 5, ta ƙasa mita 4, su biyun suna ɗaukar wajen lita miliyan 60. Kashi ɗaya cikin uku ke nan na lissafin allo, kuma da gangan ne: ba a nemi a riƙe ruwan duka ba, a dai rage masa kai. Kowace an sassaƙa mata mafitar rarar ruwa a jikin dutsen gefe, don in ta cika kada ruwa ya bi ta kan bangon. Rigima ɗaya aka yi, ranar da ɗan kwangila ya fara ɗebo yashin kuza don ya fi kusa. Tsohon nan ne ya gani ya kira injiniya, aka kwashe.

Damina ta huɗu da ta biyar

Ruwa babba na farko ya zo a Yuli. Rafin ya cika har baki, ya kwana yana gudu, bai haura ba. Da safe muka hau muka tarar da madatsar sama ta kusa rabi, tana tsiyaya, zuwa la'asar ta koma fanko. Agusta ma haka.

A farkon Satumba, ganin damina ta kusa ƙarewa, wani ya toshe bututun ta sama da buhunan ƙasa. Ba a kama kowa ba, ba a kuma matsa bincike ba. Kwana 4 bayan nan aka yi ruwa mai ƙarfi a kan madatsar da ke cike. Ya bi ta mafitar rara gaba ɗaya, ya cika ta ƙasa, ya shiga gidaje 9. Bangon bai motsa ba.

Da rani aka gyara ta hanyar da ya kamata a ce tun farko an yi. Aka haƙa kududdufi a cikin kwarin sama, ƙasa da bakin bututu, ruwan da ya kwanta a ciki na masu lambu ne, abin da ya haura bututu kuma ya wuce. Aka sa masu gadi 2, ɗaya namu ɗaya nasu, da sharaɗin in ruwa ya kai jan fentin da ke jikin dutse su kira mai unguwa ko ƙarfe nawa ne. Yashin da ke taruwa aka ba 'yan tifa su kwasa kyauta. A damina ta biyar ruwa ya shiga gidaje 4, sau ɗaya.

Yadda na ga lamarin

Da an gina a matsatsi, da an kashe kuɗin a kan kashi ɗaya cikin uku na ruwan, a wurin da ba ya riƙe komai, kuma da ba za a sake ba mu wani ba. Wannan kaɗai ya biya daminar da muka rasa, ko da yake ba gidana ruwa ya shiga a daminar ba, kuma ban ga laifin waɗanda har yau suke jin haushi ba. Abin da taswira ta fi mu shi ne ƙirga: ta ga rufin gaba ɗaya, mu kuwa indararon da ke gabanmu muke gani. Amma wurare 3 da ta sa a gaba duk ba su yi ba, kuma abin da ya kayar da su rodi ne, da kushewa, da kwalbati. Wanda ya aza harsashi a kan awon mita 30 na shekarar 2000 a ƙasar da aka yi shekaru ana tona ta neman kuza, ya sayi rigima.

Kuskuren da na fi ɗora wa kwamitinmu, har da ni, shi ne maganar masu lambu. Sun faɗa mana buƙatarsu a zaman farko, muka amsa musu da ilimin injiniya, muka ɗauka an gama. Cikin taswirori 5 da aka ɗora babu ta wanda ke son ruwan.

Gidaje 4 da ruwa ya shiga a damina ta biyar suna cikin tsohuwar hanyar rafin ne, hoton sama ya nuna haka ƙarara, kuma babu madatsar da za ta fitar da su. Masu su sun sani, ba su da inda za su. Gangaren gabas kuma ana ta gini. Yarinyar ta sake sauke hoton bana ta ƙirga sababbin rufi, ta kawo wa mai unguwa takardar. Ya karanta, ya ninke ta ya sa a aljihu, ya ce in rubuta cewa za a zauna a kanta bayan salla, a kuma aika wa dagaci.